Kafin ka sayi fulat a benen haɗaka, leƙa asusun ginin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna neman ɗan fili a wannan jarida domin mu ja hankalin masu niyyar sayen gida a irin dogayen benayen nan da ake rabawa fulat-fulat, kowane fulat da mai shi, amma ginin na kowa da kowa. A wasu ƙasashe kwandominiyam ake ce masa, mu dai a nan za mu kira shi benen haɗaka. Masu wannan wasiƙa harkarsu ke nan, daga duba lafiyar gini har riƙe asusunsa. Abin da muke son faɗa shi ne, yawancin masu saye ɗakuna suke dubawa, alhali abin da zai ci musu kuɗi ko ya hana su barci yana wajen ƙofar fulat ɗin.

Abin da ido ke fara kamawa sananne ne: unguwa, nisa da wurin aiki da makarantar yara, yawan ɗakuna, faɗin falo, kicin, tayil, baranda, mai gadi a bakin ƙofa. Duk a kan hanya suke, kuma ba sai an koya wa mutum ba, wanda zai zauna a gida ya fi kowa sanin ko kicin ya yi masa. Ba za mu ɓata wa mai karatu lokaci a nan ba.

A fara da sanin me ake saya. Abin da ke cikin bangon fulat naka ne kai kaɗai. Amma harsashi, ginshiƙai, rufi, matakala, lifta, tankunan ruwa, manyan bututu, bangon waje da harabar gida duk na tarayya ne, kuma kana da kaso a ciki. Ba za ka iya cire wannan kaso ka sayar daban ba, ba kuma za ka ce ka yafe ba. Galibi da faɗin fulat ake auna shi. Idan naka murabba'in mita 80 ne, jimillar fulat-fulat na ginin kuma 4,000, to kasonka kashi 2 ne cikin 100. Ranar da rufi ya fara yoyo a hawa na goma, kai da kake hawa na biyu, wanda ko ɗigo ɗaya bai taɓa ka ba, kashi 2 na kuɗin gyaran a wuyanka yake. Ƙasashe da dama sun yi wa wannan tsari doka ta musamman: jihar New South Wales ta Ostareliya a 1961, Faransa a 1965, Afirka ta Kudu a 1971. Sunaye sun bambanta, amma ƙashin bayan ɗaya ne. Akwai ƙungiyar masu gida, da zarar ka saya ka zama ɗan ƙungiya, kuma abin da rinjaye ya yanke ya hau kanka ko ka halarci taro ko ba ka halarta ba.

Wannan ya sa tambayar farko da mai wayo yake yi ita ce ta kuɗin hidima, wato abin da kowane mai fulat ke biya duk wata ko duk shekara. Mutane kan tambayi nawa ne, idan suka ji kaɗan ne sai su yi murna. A ganinmu nan ne wurin da ya kamata gaba ya faɗi. Kuɗin hidima gida biyu yake tafiya. Na farko na yau da gobe: albashin masu gadi da masu shara, wutar matakala da harabar gida, man janareta, kwangilar kula da lifta, kwashe shara, inshora, ladan kamfanin da ke tafiyar da ginin. Na biyu shi ne asusun ko-ta-kwana, inda ake tara kuɗin manyan gyare-gyaren da kowa ya san suna nan tafe, ranarsu ce dai ba ta zo ba. Hanya mafi sauƙi ta rage kuɗin hidima ita ce a daina zuba komai a asusu na biyu. Kowa ya ji daɗi, kwamitin ƙungiyar ya sha yabo, gini kuwa yana ci gaba da tsufa.

Kayan gini shekarunsu ƙidayayyu ne. Lifta kan nemi babban sabuntawa bayan shekara 20 zuwa 25. Shimfiɗar hana yoyo da ake yi wa rufin kankare takan yi 15 zuwa 25. Fentin waje 7 zuwa 10. Injinan tura ruwa 10 zuwa 15. Ga misali don a ga yadda lissafin yake. A ce 100 ne jimillar kuɗin hidimar da gini ke tarawa duk shekara. A ce sabunta rufi zai ci 150 duk shekara 20, wato 7 da rabi a shekara. Lifta 200 duk shekara 25, wato 8. Fenti 60 duk shekara 10, wato 6. Injinan ruwa da tankuna 30 duk shekara 10, wato 3. Jimilla ana bukatar a riƙa ajiye kusan 25 cikin 100 ɗin nan. Idan 5 kawai ake ajiyewa, giɓin shekara ya kusa 20, a shekara goma ya kusa 200. Wato wata rana za a turo wa kowane mai fulat takarda cewa ya kawo kuɗin hidimar shekara biyu a dunƙule, ban da na watan da ake ciki. Wannan shi ne karo-karo na musamman. Wanda ya ci moriyar arahar shekara goma ya sayar ya yi gaba, sabon shiga ne zai biya.

Saboda haka kada a tsaya a kan jin "akwai asusu". A nemi takardar banki ta asusun, a ga adadin da ido. A nemi rahoton da injiniya ko mai ƙiyasi ya yi, wanda ya jera kowane ɓangare na gini, shekarun da suka rage masa da kuɗin canza shi. A Amurka masu wannan aiki kan ce asusun da ke ɗauke da kashi 70 cikin 100 na abin da ya kamata a ce an tara yana da ƙarfi, wanda ya gaza kashi 30 kuwa yana cikin haɗari. Idan aka ce ba a taɓa yin irin wannan rahoto ba, alhali ginin ya haura shekara goma sha biyar, to an ba ka amsa.

Wanda yake ganin maganar kuɗi ce kawai ya tuna abin da ya faru a garin Surfside na jihar Fulorida. A daren 24 ga Yunin 2021 wani sashe na benen Champlain Towers South mai hawa 12 ya rufta, mutum 98 suka rasu. An gina shi a 1981, fulat 136 ne a ciki. Tun a 2018 rahoton injiniya ya nuna cewa shimfiɗar hana ruwa da ke ƙarƙashin dandalin wurin ninkaya ta lalace, ruwa na kwanciya maimakon ya gangara, kankaren da ke ƙasa ya yi mummunar illa, ginshiƙan wurin ajiye motoci sun tsattsage suna ɓarewa. A lokacin an ƙiyasta gyaran a kan dala miliyan 9 da ɗoriya. Aka yi ta jan ƙafa da taƙaddama. Zuwa Afrilun 2021 kuɗin da aka ɗora wa masu gida ya kai dala miliyan 15, mai ɗaki ɗaya zai biya kimanin dala 80,000, mai babban fulat na can sama fiye da dala 300,000. Babban aikin bai kankama ba ginin ya faɗi. Binciken hukuma ya kuma gano nakasu a zane da aikin ginin tun asali, don haka ba jinkirin gyara kaɗai ba ne. Amma abin lura ga mai saye shi ne, gargaɗin yana nan a rubuce kusan shekara uku kafin rushewar. A 2022 Fulorida ta yi doka: benen haɗaka mai hawa uku ko fiye sai an duba ƙarfinsa idan ya cika shekara 30, sannan duk bayan shekara 10, kuma an hana masu gida kaɗa ƙuri'ar tsallake tara kuɗin manyan gyare-gyare. Kuɗin hidima ya yi tashin gwauron zabi a gine-gine da yawa, domin bashin shekaru ne ya zo biya.

Takardar da ta fi kowace tona asiri, kuma wadda mutane suka fi rainawa, ita ce bayanan tarukan kwamiti. A nemi na shekara biyu ko uku, a zauna a karanta daga farko. Ba daɗin karatu gare su ba, amma a nan ake jin numfashin gini. Za ka ga a watan Janairu an kawo ƙorafin yoyo a hawa na shida, an ce za a kira mai gyara. A watan Yuni ƙorafin ya dawo, an ce ana jiran ƙiyasi. A watan Disamba an ɗage zuwa baɗi. Ruwa ba ya tsami banza. Ka lura ko 'yan kwamiti suna yawan ajiye muƙami, ko ana kiran taro ba a samun adadin da ake bukata, ko an canza kamfanin kula da gini sau uku a shekara huɗu, ko akwai shari'a a kotu tsakanin ƙungiya da wanda ya yi ginin ko da wani mai fulat. Kuɗin lauya ma daga aljihunku zai fita.

Daga nan sai kasafin kuɗi da rahoton odita, da jerin waɗanda ake bi bashi. Wannan na ƙarshe yana da nauyi, don idan kashi ɗaya cikin huɗu na masu gida ba sa biya, sauran ne ke ɗauke da su, ko kuma a fara yanke hidima: yau an rage masu gadi, gobe lifta ta tsaya ba kuɗin kayan gyara. Manyan cibiyoyin bashin gida na Amurka, Fannie Mae da Freddie Mac, sun daɗe da ƙa'idar ƙin karɓar bashin fulat a ginin da fiye da kashi 15 cikin 100 na masu gida suka yi kwana 60 ba su biya ba. Ko da kai da kuɗinka a hannu za ka saya, wannan ya shafe ka, saboda wanda zai saya daga hannunka wata rana mai yiwuwa da bashin banki zai zo, kuma ginin da banki ke gudu farashinsa ƙasa yake yi. Sannan kada a biya sai an karɓi takarda daga ƙungiya mai tabbatar da cewa mai sayarwa ba a bin sa ko sisi. A wurare da yawa fulat ɗin bashin yake bi, ba mutum ba. Idan kuma an riga an amince da wani karo-karo da ba a fara karɓa ba, a rubuta ƙarara a yarjejeniya wa zai biya.

Takardar mallaka aikin lauya ne, kuma lauyanka, ba na mai sayarwa ko na dillali ba. Abin da zai tabbatar: lambar fulat da ke takarda ita ce ta zanen ginin da hukuma ta amince da shi, kasonka a rubuce yake, babu jinginar banki a kan filin gaba ɗaya, kuma hukuma ta ba ginin shaidar cewa ya cancanci a zauna. A san ko mallaka ce ta dindindin ko ta wa'adi. A Ingila, misali, yawancin fulat haya ce ta dogon zango, shekara 99 ko 125 ko fiye, kuma idan abin da ya rage ya yi ƙasa da shekara 80 daraja kan fara zubewa, bankuna su fara ɗari-ɗari. Wurin ajiye mota ma a duba. Wani yana cikin takardar mallaka, wani kwamiti ne ya ba ka aro kuma zai iya karɓewa. A shiga da motar a gwada, don faɗin mita biyu da rabi da tsawon mita biyar a takarda ba ya hana ginshiƙi ya tsaya daidai inda ƙofar direba za ta buɗe.

Inshora kashi biyu ce. Ta ƙungiya tana rufe gangar jikin gini da wuraren tarayya, taka kuma kayanka da abin da ka ƙawata ciki. A karanta ta ƙungiyar a ga inda ta tsaya, da kuma nawa ne ake cirewa kafin kamfani ya fara biya. Idan bututun banɗakinka ya fashe ya jiƙa na ƙasa da kai, wa ke da alhaki? Amsar tana cikin kundin ƙa'idojin ginin, gara a san ta tun ruwa bai zubo ba.

To, a ajiye takardu a zaga ginin, gani ya kori ji. Dillali zai so ya wuce da kai kai tsaye zuwa fulat. Ka ce a fara da ƙasa, inda ake ajiye motoci da ɗakin injina, wurin da ba a yi wa kwalliya. Tsaya gaban ginshiƙi ka dube shi daga sama har ƙasa. Idan ka ga wani layi ja-ja mai launin tsatsa ya gangaro a jikinsa kamar hawaye, ruwa ya kai ga rodin da ke ciki. Rodi idan ya yi tsatsa kumbura yake, ya ninka girmansa, ya tura kankare daga ciki har ya ɓare. Ƙwanƙwasa wurin da bayan makulli. Kankare mai lafiya ƙararsa a daskare take, wanda ya rabu da rodi kuwa sai ka ji yana amsawa kamar ƙwarya. Ɗaga kai ka dubi ƙarƙashin dakin, wato shimfiɗar kankaren da ke raba hawa da hawa: farin abu kamar kanwa da ya taru a kan tsaga, ko ɗan tsinin da ya zubo kamar kakin kyandir, alama ce ruwa ya daɗe yana ratsawa. Kududdufi a ƙasa alhali an kwana biyu ba a yi ruwan sama ba, shi ma abin tambaya ne. Haka facin sabon fenti a wuri ɗaya tak cikin tsohon bango.

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririya kamar gashi a jikin filasta kusan kowane gini yana da ita. Wadda ake kira wa injiniya ita ce mai faɗin da ya kai milimita 5, ko mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo kamar matakala, ko duk wadda ke jikin ginshiƙi da bim, wato ginshiƙin kwance, komai ƙanƙantarta. Kuɗin ɗaukar injiniya mai zaman kansa na yini ɗaya bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin fulat, amma shi ne mutane suka fi jin ƙyashin fitarwa.

A ɗakin injina a ƙirga injinan tura ruwa. Ya kamata su zama biyu, ɗaya na aiki ɗaya na jira. Idan ɗaya ne, ranar da ya ƙone duk ginin ba ruwa. A tambayi me janareta ke ɗauka idan wuta ta ɗauke: lifta da injin ruwa da fitilun matakala kawai, ko har cikin fulat? A shiga lifta a saurara, a ga ko tana tsayawa daidai da daɓen kowane hawa ko tana barin tudu, a nemi littafin da masu gyara ke sa hannu da takardar dubawa ta ƙarshe. Dogon bene mai lifta ɗaya wahala ce mai jiran rana, musamman ga tsoho, mai juna biyu ko mai keken guragu. Sannan a hau rufi. Zoben datti a kan kankare yana nuna inda ruwa ke kwanciya. A leƙa bakin magudanai ko sun toshe, a ga ko tankuna a rufe suke.

Maganar gobara ba ta son wasa. A ranar 14 ga Yunin 2017 wuta ta tashi daga firji a hawa na huɗu na benen Grenfell da ke Landan, mai hawa 24, mutum 72 suka rasu. Abin da ya kai wutar sama cikin ɗan lokaci shi ne fallayen ado na alminiyam masu roba a tsakiya da aka lulluɓe bangon waje da su. Matakala ɗaya ce a ginin, kuma ƙofofin fulat da yawa ba sa rufe kansu, hayaƙi ya cika hanyar fita. Bayan haka dubban masu fulat a Birtaniya suka wayi gari ba sa iya sayar da gidajensu, saboda bankuna sun ƙi ba da bashi sai an tabbatar da irin abin da aka lulluɓe ginin da shi. Don haka a tambayi da me aka rufe bangon waje. A sauko ta matakala da ƙafa tun daga hawan da za a saya har ƙasa, a ga ko matakala nawa ce, ko an tara tsofaffin kujeru da kwalaye a ciki, ko an sa wa ƙofar fita kwaɗo. A buɗe ƙofar matakala a sake ta: ya kamata ta koma ta rufe da kanta ruf. Ƙofar hana wuta ana yin ta ne ta jure minti 30 ko 60, amma idan an tokare ta da dutse don iska ta shiga, ba ta da maraba da labule. A duba kwanan watan da ke jikin tukwanen kashe gobara, da ƙararrawar hayaƙi, da bututun yayyafin ruwa a silin idan akwai.

Sai yanzu za a shiga fulat. A fara da banɗaki. Buɗe famfo ka tara bokiti mai lita 10. Idan ya cika cikin minti ɗaya ko kusa da haka, ƙarfin ruwa ya yi. Buɗe shawa da famfon kicin tare, ka ja ruwan masai, ka ga ko shawar za ta mutu. Inda ruwa ke gangarowa daga tankin rufi, kowace mita 10 ta tsayi tana ba da ƙarfin kusan "bar" ɗaya a ma'aunin ƙarfin ruwa, hawa guda kuma kimanin mita 3 ne. Shi ya sa na can sama ke fama da ruwa mai sanyin jiki idan ba a sa injin ƙari ba, na ƙasa kuma ƙarfi ya yi musu yawa har ya riƙa fasa mahaɗar bututu idan ba a sa abin rage shi ba. Zuba ruwa a daɓen banɗaki ka ga ko zai nufi magudana ko zai nufi ƙofa. Dubi silin, don banɗakin maƙwabcinka na sama daidai kan naka yake, tabo mai ruwan ƙasa ko fenti mai kumburi daga can ne. Buɗe durowar ƙarƙashin wurin wanke-wanke ka shinshina. Warin danshi da fumfuna ba ya ɓuya, sai dai idan an cika gidan da turare, wanda shi ma abin a yi tambaya ne.

Kowane hawa da nasa hali. Na ƙarshe ba mai taka maka kai, amma kai ne za ka fara shan zafin rufi da yoyonsa. Na ƙasa ba wahalar hawa, sai dai hayaniya, danshi, ƙarancin sirri, kuma idan babban bututun bahaya ya toshe a nan yake fara tasowa. Fulat da ke jikin ramin lifta, ko saman ɗakin janareta, ko kusa da wurin tara shara, a yi tunani sau biyu. Tagogin da ke kallon yamma suna kwasar ranar la'asar, kuɗin sanyaya ɗaki ya ƙaru. Idan tagogi suna ɓangarori biyu iska na ratsawa, idan ɓangare ɗaya ne sai a dogara da na'ura. Filin da ke gaban baranda ma a tambayi na wane ne, don sararin da aka sa a farashi yau gobe wani bene zai iya toshe shi.

Ƙara ita ce abin da ba a gyarawa bayan an saya. Fenti da tayil ana canzawa, siririn bango da siririn dakin kuwa sai haƙuri. A je sau uku: da safe ranar aiki, da daddare lokacin da kowa ya dawo, da kuma ranar hutu. A rufe tagogi a yi shiru minti biyar. Idan ana jin tafiyar na sama, da jan kujerarsa, da hirar na gefe, haka za a yi ta ji. In da hali a je bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi, a shafa ƙasan tagogi. A kuma zo da tef a auna ɗakunan. Wasu masu gini faɗin da suke talla ya haɗa da kaurin bango da rabon matakala da baranda, har bambanci ya kai kashi ɗaya cikin biyar ko fiye na abin da za ka shimfiɗa kafet a kai.

Kundin ƙa'idoji a karanta shi kafin a sa hannu. A ciki za a ga ko an yarda a ba da haya, da ko an yarda da hayar kwana ɗaya ko biyu, wadda ke mai da gini kamar otal, baƙin fuska kullum a lifta. A ciki ne maganar dabbobi take, da shanya a baranda, da inda za a rataya injin na'urar sanyaya ɗaki, da sana'a a cikin gida, da ko za ka iya fasa bango ko canza taga. A tambayi fulat nawa masu su ke zaune a ciki. Inda 'yan haya suka fi yawa, masu gidan na nesa, kuma wanda ba ya hawa lifta kullum ba ya saurin amincewa a kashe kuɗi a kanta. Idan mutum ɗaya ko kamfanin da ya yi ginin yana riƙe da fulat masu yawa, ƙuri'a a hannunsa take. Wurin ninkaya da ɗakin motsa jiki kuwa, ana biyan kuɗinsu duk wata ko an shiga ko ba a shiga ba, kuma a ƙaramin gini mutane kaɗan ne ke raba nauyin. Hira ta minti goma da mai gadi ko wani da ya daɗe a gidan takan fito da abin da dillali ya manta.

Saura masu saye tun gini yana kan takarda. Wannan cinikin biri a sama ne, ko da yake akan sami rangwame. A je a ga ginin da kamfanin ya gama shekara biyar da suka wuce, ba ɗakin gwajin da aka ƙawata ba, a tambayi mazauna. Biya ya zama mataki-mataki gwargwadon yadda aiki ya kai, kuma kuɗin ya zauna a asusun amana da kamfani ba ya taɓawa sai injiniya ya tabbatar. A rubuta ranar miƙa makulli da tarar jinkiri, da irin kayan da za a sa dalla-dalla. A san tsawon garantin gyaran kurakurai. A Faransa doka ta ɗora wa mai gini alhakin manyan lahani har shekara 10. Kuɗin hidimar da kamfani ke faɗa a shekarar farko kuma kada a gina lissafi a kansa, sau da yawa an danne shi ne don a sayar, yakan tashi da zarar an miƙa ragama ga masu gida.

Duk wanda zai ba da kafin alƙalami, ya sa lauya ya rubuta cewa cinikin ya rataya ne a kan ganin waɗannan takardu da rahoton injiniya cikin kwanaki ƙayyadaddu, kuma idan ba a kawo su ba ko aka sami babban lahani, za a mayar masa da kuɗinsa cif. Ranar karɓar makulli a karanta mitar wuta da ta ruwa a gaban mai sayarwa, a ɗauki hotonsu, a kai wa ƙungiya takardar canjin suna a ranar.

Mun gode, Malam Edita, da wannan fili. Wassalam.

Naku,
Wasu ma'abota harkar gine-gine da kula da kadarori